Shekarar da Na Bar Lambatu Ya Cika

Aminu, ranar sunan 'yarka ka tambaye ni dalilin da ya sa Bappa Sali bai zo ba. Kafin in buɗe baki ƙanwarka Bilki ta riga ni, ta ce ai tun da mutumin nan ya samu tallafin gwamnati ya fi ƙarfin zaurenmu. Na ci gaba da raba goro. Ban iya tsawata mata ba, domin a bakina ta ji wannan magana, kuma na yi ta maimaita ta a gidan nan har ta zauna daram kamar gaskiya. To ba gaskiya ba ce. Yanzu da idona ya daina ganin kafar allura na rufe keken ɗinki, ina da lokacin zama in faɗa muku yadda abin ya faru. Ku sani tun yanzu, ba ni ne zan fito da kyau a labarin nan ba.

Kun taso kun tarar ana ce mini Sarkin Lambatu. Ba wanda ya naɗa ni, tsokana ce ta 'yan shayi da ta bi ni har na fara amsawa. Layinmu na Alƙalawa gangare ne, kun sani. Duk ruwan da ya sauko daga sama ta ƙofar gidajenmu yake bi, ya kutsa ta wani ƙaramin kwalbati a ƙarshen layi, daidai bayan ɗakin Goggo Nenne, tsohuwar nan mai sayar da gyaɗa da ke ba ku ta gishiri kyauta. Ɗakin ƙasa ne, a cikinsa aka kai ta amarya, a cikinsa mijinta ya rasu, kuma ko da ɗanta ya yi gida a Girei ya ce ta koma can, cewa ta yi ba inda za ta. Da ledar ruwan sha ta cika gari, lambatun nan ya fara toshewa duk damina. Ni kaɗai na fara shiga da shebur ranar Asabar da safe, na naɗe wando zuwa gwiwa, mutane na wucewa suna cewa tela ya samu sabuwar sana'a. Sannu a hankali masu dariyar suka fara karɓar shebur ɗin su ce in huta. Muka zama ƙungiya, muna da ranarmu, muna da mai kiran suna. Goggo Nenne kuwa duk Asabar sai ta dama mana kunun gyaɗa ta ajiye a bakin kwalbatin. Har Islamiyya nake zuwa in yi wa yara bayani. Ina da wani dunƙulen leda da mahauta suka ciro daga cikin tumbin rago, ya bushe ya yi tauri kamar dutse, na ajiye shi a gwangwani. In na fito da shi na ce wannan ne ya kashe ragon layya, sai ka ji aji ya yi tsit. Shekaru na yi ina wannan, ba wanda ya ba ni ko tsintsiya, kuma a lokacin ban ji ina bukata ba.

Sai shekarar da Mubi ta faɗi hannun 'yan bindiga. Ku ƙanana ne, amma za ku tuna yadda mutane suka cika masallatai da makarantu, ƙafafu a kumbure, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. A masallacin layinmu na ga Sali bayan azahar, zaune da matarsa da yara biyu, ya zuba wa bango ido. Dadarku, wato mahaifiyarku, ta ja matar da yaran cikin gida, shi kuma na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kwana uku bai ce uffan ba in ban da amsa sallama. Da Asabar ta zo ya ga na ɗauki shebur, sai kawai ya miƙe ya bi ni. Na ce ya zauna, shi baƙo ne.

"Hamma, ka bar ni in yi," in ji shi, don haka yake kirana, wato yaya da Fillanci. "In hannu bai yi aiki ba, kai yana komawa Mubi."

Wata bakwai ya yi a zauren nan. Ni na koya masa yadda ake fara yashe lambatu daga ƙasa a hauro sama, yadda ake barin laka ta tsane kafin a kwashe, yadda ake lallaɓa matar gida ta daina zubar da shara a ruwa ba tare da mijinta ya ji haushi ba. Da ya samu ɗan fili a Yolde Pate, can gefen da gari ke jibge shara, na ba shi tsohon shebur ɗina da manjagara, na raka shi har bakin titi. Ina son Sali, wannan ba ƙarya. Amma yanzu na gane wani abu game da kaina: ina son shi ne a matsayin wanda nake ba wa.

Bayan kamar shekara biyu mai unguwa ya kira ni ya ce gwamnati za ta tallafa wa ƙungiyoyin da ke tsaftace unguwanni da wayar da kan jama'a a kan shara. Za a ba da kayan aiki, a horar da mutane, a ba su takardar shaida. Ya miƙo mini fom yana cewa wannan kam da sunanka aka buga shi. Ni ma haka na ɗauka. Sali ma ya tara wasu 'yan gudun hijira a can wajensu suna fama da bolar da ke bayan gidajensu, sai ya zo da nasa fom ɗin, don rubutun bokonsa bai da ƙarfi. Da hannuna na cika masa, a kan teburin yankan yadi, ina gyara masa magana, ina ji a raina taimakon yaro nake yi.

Aka aiko cewa ranar Laraba jami'ai za su zo duba wuri. To ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne za a ce masa manyan baƙi na tafe ya bar ƙofar gidansa da datti? Kwana uku muka yi ba mu huta ba. Muka yashe lambatu har ana ganin siminti, muka wanke shi da ruwan da muka saya wajen 'yan garuwa. Muka shafa wa bakin kwalbati farar ƙasa. Mata suka share layi suka yayyafa ruwa, aka ɗaure awaki, Dadarku har garwashi ta fito da shi zaure ta zuba turaren wuta. Ni kuwa na sa babbar rigata ta Juma'a. Jami'an suka iso da hantsi, maza biyu da wata mata mai gilashi riƙe da waya tana shirin ɗaukar hoto. Ta bi layin daga sama har ƙasa, ta leƙa kwalbati, ta dawo.

"Baba, ina wurin da ake so a gyara?"

"Ai mun gyara, ranki ya daɗe," na ce, ƙirjina a buɗe.

"Ma sha Allah. Ku kam ba ku da matsala. Da ko'ina haka yake da mun huta."

Ta mayar da wayar jaka ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Suka sha kunun Goggo Nenne, suka yaba, suka shiga mota. Na tsaya ina ɗaga musu hannu, ina jin na gama da su. Daga wajenmu Yolde Pate suka nufa. Shi Sali, bolarsa ta fi ɗaki tsawo, ko wata guda ya yi yana kwasa ba za ta nuna ba. Daga baya ya gaya mini kunya ta kusa kashe shi, sai haƙuri yake ba su, su kuwa suna ta ɗaukar hoto ta kowane ɓangare, har ɗayan ya hau kan bolar.

Da sunaye suka fito, na Sali na ciki, namu babu.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba, hassada na ji, irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon miya. Ban taɓa sanin ina da ita haka ba. Aka ba su baro sababbi fil, da takalman ruwa, da safar hannu, da keke mai ƙafa uku na ɗaukar shara. Aka kai Sali horo na mako guda, ya dawo da jaka mai rataya. Mutumin da ya zo garin nan ba takalmi, a tabarmata ya kwana, da shebur ɗina ya koya! In na ji ƙarar keke a titi sai na ɗaga kai in duba ko nasa ne, in kuwa nasa ne sai in sunkuyar kamar zare ya tsinke mini. Rannan sai ga shi a shago da bandir ɗin koren yadi a kafaɗa, yana washe baki.

"Hamma, an ce mu ɗinka rigar aiki, kowa da nasa, da sunan ƙungiya a baya. Na ce musu ba wani tela sai Hammana. Wannan abu duka albarkacinka ne."

Na karɓa na ce Allah ya sanya alheri. Na ɗinka su tsaf, don ba zan ɓata sunana a kan ɗinki ba. Amma tasa, da na zo hammata, sai da na rage yatsa biyu. Na san awonsa sarai, ni na ɗinka masa rigar sallarsa ta farko a garin nan. So nake duk lokacin da ya ɗaga hannu yana nuna wa mutane aiki, rigar ta cije shi. Dadarku ce ke sa maɓalli, ta ɗaga rigar ta duba, ta dube ni.

"Malam, wannan ta wa ce? Sali dai bai rame ba."

"Ki sa maɓalli kawai."

"Zan sa. Amma abin da ke cin ka, ba a hammatar Sali yake ba."

Abin da ya ƙarasa ni rediyo ne. Wata safiya ina karyawa sai na ji muryarsa, da Hausarsa ta mutanen Mubi, yana bayanin yadda leda ke kashe dabbobi. Ya ce yana da dunƙulen da aka ciro daga tumbin rago, yana yawo da shi makarantu. Mai shirin ya yi ta mamaki, ya ce wannan dabara fa? Sali ya ce ba tasa ba ce, wani tela ne a Alƙalawa, Malam Garba, ya koya masa komai. Kuna tsammani na ji daɗi? Wallahi da bai ambace ni ba da ya fi mini sauƙi. Sai na ji kamar attajiri ne ke tuna wanda ya taɓa ba shi ruwa a hanya. Tun daga ranar na fara cewa a majalisa ai yanzu in kana son gwamnati ta gan ka sai ka ce daga Mubi ka gudo, mu 'yan gari ba mu da rabo. Na ce wa ya sani ma ko yana da wani a ofishin. Na san ƙarya nake, ni na cika fom ɗin.

Da aka ce za a sake zagaye na biyu bayan damina, na tara 'yan ƙungiya a zaure na ce musu na gano bakin zaren. Gwamnati datti take son gani, mu kuwa mun yi wauta mun ɓoye namu. Saboda haka daga yau ba mai taɓa lambatu. A bar shi ya cika ya batse, in sun zo su samu abin ɗauka a hoto. Wasu suka yi dariya suka ce Sarki ya yi magana. Wasu dama sun gaji, sun samu hutun Asabar. Mutum ɗaya ya ce damina fa? Na ce damina ɗaya ba za ta kashe kowa ba. Asabar ta farko Goggo Nenne ta fito da kununta ta ajiye a bakin kwalbati, ta jira har rana ta yi zafi, sannan ta tako da sandarta har shago.

"Garba, yau ba aiki? Kunu ya huce."

"Mun ɗan dakata, Goggo. Dabara ce. So muke shara ta taru, mutanen gwamnati su zo su gani, su ba mu kaya irin na Sali."

Ta dube ni.

"To ruwa ya san da dabaran?"

Na yi dariya na ce Goggo ke nan. Ta juya ta tafi. Asabar ta biyu ma ta dama, ta uku ba ta dama ba.

Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne, watannin nan da daɗi nake kallon lambatun. In na fito da safe na ga leda ta ƙaru, da robobi, da tsumma, sai in ji kamar manomi na duba gero. Har na taɓa ganin wata yarinya ta juye kwandon shara a ciki, abin da a da sai na bi ta har gida, na kau da kai. Dadarku ta yi magana har ta gaji. Ta ce in ba zan yashe duka ba, in buɗe bakin kwalbatin kawai saboda tsohuwar nan. Na ce ai bakin kwalbatin ne wurin hoto.

Ruwan farko da na biyu suka wuce, ya taru ya janye a hankali, na ce kun gani. A tsakiyar damina, wata Alhamis bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas ya sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin a yi sa'a guda layinmu ya zama kogi. Ruwa ya iso kwalbati ya tarar da ƙofa a rufe, sai ya juya ya kwanta a jikin bangon Goggo Nenne. Dadarku ce ta tuna da ita, ta kutsa ruwa har cinya ta goyo ta a baya kamar jaririya ta kawo ta gidanmu. Ni ina can da shebur ina caccakar bakin kwalbati cikin ruwan da ya kai mini ƙugu, ina tono abin da na yi wata biyar ina tarawa, ko gezau bai yi ba. Ina tsaye a wurin bangon ya tafi. Bai yi wata ƙara ba, zama kawai ya yi, rufin ya bi shi. Gadonta, da akwatin mijinta, da tasoshin aurenta, da buhun gyaɗar da take juyawa, duk suka koma ƙarƙashin laka.

Washegari da sassafe sai ga Sali da kekensa da mutanensa, ba wanda ya aika masa. Yana sanye da koren rigar nan, tana cije masa hammata duk sanda ya ɗaga shebur, bai ko kula ba. Kafin azahar sun buɗe kwalbatin. Ya tsaya yana duban tulin abin da suka ciro. Sali ya san lambatun nan kamar tafin hannunsa, wata bakwai ya yi a cikinsa. Ya ja ni gefe inda ba mai ji.

"Hamma, wannan ba sharan wata ɗaya ba ne."

Na ce masa ba kowa ne aka ba keke ba. Haka na ce, a gaban ɗakin da ya faɗi.

"Na ji abin da kake faɗa a kaina a majalisa," in ji shi. "Ban riƙe ba, na ci tuwon gidanka lokacin da ba ni da kowa. Amma ni na san yadda mutum yake ji in ya juya ya ga ba ɗaki. Mu bindiga ya kore mu. Wannan tsohuwa fa, me ya kore shi?"

Ya kwashe kayansa, ya shiga ya gaida Goggo da Dadarku, ya tafi. Tun daga ranar in mun haɗu a jana'iza yana miƙo mini hannu biyu, yana tambayar ku ɗaya bayan ɗaya da suna, amma bai sake zama a zauren nan ba. Ba girman kai ya hana shi zuwa ba, Bilki. Ya ga abin da na yi ne, kuma ya rufa mini asiri har yau.

Labarin ambaliyar ya kai ofis, jami'an ba su ma jira ƙarshen damina ba. Matar nan mai gilashi ce ta sake zuwa. Wannan karon wayarta ba ta huta ba. Ta ɗauki tulin sharar, ta ɗauki layin da ya cika da laka, ta ce in tsaya a gefen bangon da ya rushe don a ga tsawonsa. Na tsaya. Ta ce Baba, wuri mai kyau haka ya lalace, lallai kuna bukatar taimako. Bayan 'yan makonni mai unguwa ya kawo takarda, sunanmu ne na farko. Kuma tunda na yi alkawarin gaskiya, ga ta: da na karanta, kafin kunya ta iso, daɗi ne ya fara zuwa. Na ji a raina yanzu ni da Sali mun yi daidai.

Duk wannan lokacin Goggo Nenne na ɗakin Dadarku, ba ta cika magana ba, ta daina tambayar gyaɗa. Na ce zan tara mutane mu tayar mata da ɗaki, na bulo ma. Ɗanta ya zo daga Girei ya yi godiya ya ce a bari, dama ya daɗe yana so ta koma wajensa, yanzu kuma ba ta da abin da za ta ce. Can ta rasu kafin wata daminar, a ɗakin da ba ta san kowa a layinsa ba. Ranar tafiyarta Girei, 'yan kayan da aka tono mata ba su cika bayan mota ba. Ni na riƙe mata hannu ta shiga. A daidai lokacin ake sauke mana sababbin baro a ƙofar gida, yara na ta ihu suna tura su. Ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallonsu, sannan ta dube ni.

"Garba, mutanen gwamnati sun zo sun gani?"

"Sun gani, Goggo."

"Sun ba ka irin na Sali?"

"Sun ba ni."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta, tana gyara mayafi. "Ɗakina bai faɗi a banza ba."